Yadda ake shirya babur da koyon gudun tsere a killataccen fili

Samarin da ke zuwa wurina don koyon gudun babur, tambayarsu ta farko kusan ɗaya ce: me za a yi wa inji ya ƙara wuta? Ni kuma amsata ba ta canzawa, a bar injin tukuna. Abin da ke sa mutum ya zagaye fili da sauri ya kuma koma gida da ƙafarsa shi ne taya mai kama ƙasa, birki mai ci, shoka da aka daidaita da nauyinsa, da idon da ya san inda zai kalla. Mu nan Katsina ba filin tsere irin na Kyalami da ke Afirka ta Kudu muke da shi ba, amma abin da ake koya wa sabon shiga a can ana iya koyonsa a kan Boxer ko Haojue, muddin an samu wuri killatacce. Sharaɗina guda ne, kuma ba na sassauta shi: ba a kan titi ba. Ba Ring Road ba, ba hanyar Daura ba, ba bayan motar amarya ba.

Kayan da za ka tanada

Na jiki su ne kan gaba. Hular kwano mai rufe haɓa, wadda ke da tambarin gwajin inganci na ECE 22.05, ko 22.06, ko DOT. Tun 1 ga Janairun 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta fara tilasta sa hula, amma yawancin na kasuwa roba ce kawai mai hana kamu. Gwada ta haka: sa ta, ɗaure igiyar haɓa, ka kama bayanta ka ja gaba. In ta fita, ko tana juyawa kanka na tsaye, ba taka ba ce. Wadda ta taɓa buguwa da ƙasa da ƙarfi ta gama aiki, ko da ba ka ga tsaga a jikinta ba.

Sai safar hannu ta fata mai rufe wuyan hannu, takalmi mai rufe idon sawu, riga mai kauri da kariyar kafaɗa da gwiwar hannu, da wandon da ke da kariyar gwiwa. In ba ka samu kayan tsere na fata ba, nemi jaket ɗin fata a wurin 'yan gwanjo, ka haɗa da jins mai kauri da kariyar gwiwa, amma ka rage gudu daidai da abin da ke jikinka. Kaftani, silifas da rawani mai reto kuwa, ko na zagaye ɗaya ne ban yarda ba. Bakin riga na shiga sarƙa.

Na aiki: gejin iska naka na kanka, famfon hannu, sifanoni, filaya, sukudireba, tef ɗin awo, salatif mai faɗi, man sarƙa, kananzir da tsohon buroshi, tsumma, tsintsiya biyu ko uku, alli, littafi da biro. Robobin ruwa kamar ashirin da aka zuba wa yashi kaɗan za su tsaya a matsayin alamun hanya. Kada ka yi alama da dutse ko bulo, domin abin da ka ajiye a bakin hanya wata rana shi za ka faɗa a kai. Sai ƙyalle ja da ruwan ɗorawa, akwatin taimakon gaggawa, da ruwan sha mai yawa.

Mataki na 1: Fili da izini

Nemi shimfiɗa ta kwalta ko siminti mai shinge, tsawo kamar mita 100, faɗi kamar 50 ko 60. Harabar kamfani ko wurin ajiye motoci da ba a aiki ranar hutu ya wadatar. Je wurin mai wurin da kanka, ka faɗi abin da za ku yi, ka karɓi izini a rubuce in zai yiwu, sannan ka sanar da mai unguwa da ofishin 'yan sanda mafi kusa. A jihar da babur ya daɗe yana cikin maganar tsaro, tarin samari da babura ba tare da sanin kowa ba neman fitina ne. Takardun babur da lasisinka su kasance a aljihu, saboda a hanyar zuwa kana ƙarƙashin dokar titi kamar kowa.

Ku share filin tas. Yashin da iska ke shimfiɗawa a kan kwalta, musamman da hunturu, ya fi komai kayar da mutum, kuma daga kan babur ba a ganinsa. Taka filin da ƙafa, ka duba ɗigon baƙin mai, rami da tsakuwa. Fara da zagaye mai siffar ƙwai, miƙe biyu da kwana biyu masu faɗi. Bayan kowace kwana a bar fili fetal na aƙalla mita 15, babu bango, babu bishiya, babu ɗan kallo, don wanda kwana ta ƙwace masa ya samu inda zai miƙe.

In filin ƙasa kaɗai aka samu, a yi atisayen birki da na kallo a hankali, amma kada a kwantar da babur yadda ake yi a kwalta.

Lokaci kuma, bayan asuba zuwa ƙarfe 10 na safe. Daga Maris zuwa Mayu zafin Katsina kan haura digiri 40, mai kayan fata ba zai jure rana ba.

Mataki na 2: Taya

Nan zan daɗe, don abin da ke taɓa ƙasa daga kowace taya bai kai tafin hannunka ba, kuma a kansa ake birki, a kansa ake kwana.

Duba gefen tayar za ka ga lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2322 na nufin mako na 23 a 2022. Tayar da ta haura shekara biyar robarta ta fara bushewa ko da zanenta na nan, rana irin tamu kuma tana gaggauta hakan. Danna farce a jiki. In ta yi tauri, ko ka ga ƙananan tsage-tsage a gefe, canza ta. Haka wadda tsakiyarta ta cinye ta baje, kamar yadda ta 'yan acaɓa ke yi saboda tafiya a miƙe da lodi: irin wannan takan ƙi kwanciya, sannan ta faɗa kwana gaba ɗaya ba shiri. Tayar da ta sha faci da yawa, ko tiyub mai faci kusa da bawul, ba ta fili ba ce.

Iska ana auna ta taya na sanyi, kafin a hau. Masu faci da yawa sukan cika ta su bubbuga da sifana su ce ta yi, sai ka sa geji ka tarar ta haura psi 40 (psi shi ne ma'aunin iskar taya). Taya mai iska fiye da kima tana tsalle, kuma wurin da take kama ƙasa yana ƙanƙancewa. Bi abin da kamfani ya rubuta a littafin babur ko a jikinsa. A ƙananan babura yakan kama wajen psi 25 a gaba, 28 a baya ga mutum ɗaya. Manyan babura da ake sa wa 36 da 42 a titi, a filin tsere akan sauke su zuwa wajen 30 ko 32, amma wannan ya danganta da irin tayar, kada ka kwaikwaya a kan ƙarami. Bayan ka zagaya ka sake aunawa za ka ga ta ƙaru da biyu zuwa huɗu. Zafi ne ya kawo haka, kada ka sace ta.

Sabuwar taya tana da santsi, yi tafiyar kilomita 100 da ita a natse kafin ka kawo ta fili.

Mataki na 3: Birki

Ɗaga ƙafar gaba, juya ta, matsa birki ka saki. Ta tsaya nan take, ta kuma sake juyawa ba gogayya. In birkin faranti ne, haska fitila ka ga kaurin lainin, in ya rage ƙasa da milimita 2 a canza. Man birki da ya yi duhu a zubar a sa sabo, DOT 3 ko DOT 4, duk wanda aka rubuta a murfin, kuma bayan shekara biyu ana sabunta shi saboda yana tsotsar laima. Kada a haɗa shi da DOT 5. Hannun birki da ke nutsewa har ya taɓa maƙama, iska ce a ciki, bakanike ya fitar da ita.

In na ganga ne mai waya, sa wa wayar mai, ka duba ko ta fara tsintsinkewa kusa da kai, sannan ka ɗaure notin daidaitawa yadda zai fara ci da wuri ba tare da ya riƙe ƙafa ba. Na baya a bar masa wasa kamar milimita 20 zuwa 30 a matakin.

Akwai al'adar da ta yaɗu a garin nan, ta sassauta birkin gaba ko ma cire shi, wai yana kayar da mutum. Wannan kuskure ne mai kisa. Idan aka taka birki nauyi gaba yake komawa, shi ya sa birkin gaba ke yin kusan kashi 70 cikin 100 na tsayawa. Abin da ke kayarwa shi ne damƙarsa farat ɗaya, kuma maganin haka na mataki na 7.

Mataki na 4: Sarƙa, inji da noti

Wanke sarƙa da kananzir, ka goge, ka sa mata mai ta ciki. Auna wasanta a tsakiya, ta motsa sama da ƙasa kamar milimita 25 zuwa 30. Juya ƙafar ka auna a wurare uku, ka daidaita da inda ta fi ɗaurewa. Sarƙa mai tsananin ɗauri tana hana shoka aiki kuma tana cin boris. Alamun da ke gefe biyu na ƙafar baya su yi daidai, in ba haka ba babur zai fi son kwana ɗaya a kan ɗaya. Farantin da haƙoransa suka yi tsini suka karkata, a canza shi tare da sarƙar.

Baƙin mai ya kai alama, kuma ya zama na babur, mai rubutun JASO MA, domin wasu mayukan mota suna sa kuloci zamewa. Totur ya koma da kansa da ka saki, ko kan babur na dama ko na hagu. Kada ka cire matatar iska wai don ƙarin wuta, ƙurar hunturu za ta cinye maka inji. Kada ka fasa salansa, ƙara ce ke fara sa maƙwabta su kai kuka a hana ku fili.

Bi noti ɗaya bayan ɗaya da sifana, musamman na ƙafafu, na kan babur, na matakai da na zubar da baƙin mai. Cire madubai da akwatin baya, ka liƙe fitila da sigina da salatif saboda kwalba. Mai rabin tanki ya isa.

Mataki na 5: Daidaita shoka da nauyinka

Ana buƙatar mutum uku: kai, mai riƙe babur, da mai awo. Liƙa ɗan salatif a jikin babur daidai saman notin ƙafar baya. A ɗaga bayan har taya ta bar ƙasa, a auna daga tsakiyar notin zuwa salatif, a rubuta. Sai ka hau da dukan kayanka, ƙafafu a kan matakai, a ɗan danna bayan a saki, a sake aunawa. Bambancin awo biyun shi ne nutsewar babur. Ana so ta kama kwata zuwa sulusin iyakar tafiyar shokar, wato wajen milimita 25 zuwa 35 a yawancin babura.

Ƙananan babura masu shoka biyu suna da zobe mai hawa-hawa a ƙasan sifirin, galibi hawa biyar. In nutsewar ta yi yawa, ƙara hawa. In ta yi kaɗan, rage. Dama da hagu dole su zama a hawa ɗaya. Sau da yawa za ka tarar an kai su ƙurewa saboda ɗaukar buhu da fasinja, ga saurayi mai kilo 60 kuwa wannan tauri ne da zai sa baya ya riƙa tsalle a tsakiyar kwana.

Shokar gaba a irin waɗannan babura ba ta da wurin daidaitawa. Abin yi shi ne ka duba ko tana yoyo, ka matsa birki ka danna kan babur ka saki. Ta nutse sumul, ta taso sau ɗaya ta tsaya. In tana lilo, man cikinta ya mutu ko ya ragu. Ɗaga gaban kuma ka juya kai dama da hagu. In ka ji yana maƙalewa a tsakiya, boris ɗin wuya ya tafi, kuma ba a shiga fili da shi.

Daga nan ka zauna ka sassauta maɗaurin hannun birki da na kuloci, ka karkata su ƙasa har yatsunka da wuyan hannunka da damtsenka su miƙe a layi ɗaya.

Mataki na 6: Dokar fili

Kafin a ta da inji ku tsaya ku yarda a kan doka. Kowa gefe ɗaya yake zagayawa. Babur uku ko huɗu a lokaci guda, na minti 15, sannan hutu da shan ruwa. Sabon shiga ba ya wuce kowa a cikin kwana. Mutum biyu su tsaya da ƙyalle: ruwan ɗorawa na nufin a rage gudu, ba wuce juna, ja kuma a tsaya. Ma'anar da suke da ita ke nan har a gasar duniya ta MotoGP, wadda asalinta ya faro a 1949. Mota ɗaya ta kasance a shirye da direba, kuma a san hanya mafi sauri zuwa asibiti. Lambar gaggawa ta FRSC 122 ce.

In wani ya faɗi, a ɗaga ja, a kashe injinsa. Kada a ɗaga shi zaune, kada a cire masa hula sai in numfashi ya gagara, kada a ɗura masa ruwa. Mai kukan wuya ko baya, ko wanda ya suma ko na ɗan lokaci ne, asibiti za a nufa da shi kafin a yi zancen mai ɗori.

Mataki na 7: Atisayen birki

Da wannan ake fara kowace rana, bayan zagaye biyu a hankali don taya ta ɗumama. Ja layi da alli. Taho a miƙe da gudun kilomita 30 a awa, da ka kai layin ka saki totur, ka ɗora yatsu biyu ko huɗu a birkin gaba, ka taɓa shi a hankali har ka ji gaba ya nutse, sannan ka ci gaba da matsawa da ƙarfi. Na baya kaɗan kawai. Matse tanki da gwiwoyi, hannu a sake, ido a gaba. Abokinka ya sa alama inda ka tsaya. Maimaita har tsayawarka ta riƙa faɗawa wuri ɗaya, sannan ka hau 40, sannan 50.

Riƙe wannan lissafin: in gudu ya ninka biyu, nisan tsayawa ninkawa huɗu yake. Babur mai kyakkyawan birki da ya tsaya a mita 5 daga gudun 30 zai buƙaci wajen mita 20 daga gudun 60, kuma a gudun 60 kana cin kusan mita 17 duk daƙiƙa kafin ma hannunka ya motsa.

In tayar gaba ta kulle, saki nan take ka sake matsawa. In ta baya ce ta ja, kada ka firgita, miƙe kai ka sassauta ƙafa a hankali.

Mataki na 8: Kwana

Babur inda ka kalla yake zuwa. Duk wanda ya taɓa sukuwa ya san mahayin da ya zuba wa ƙasa ido ba ya sarrafa doki, haka abin yake a nan. Wanda ya ƙura wa robar da yake tsoron bugewa ido, ita zai buge. Juya kanka duka, haɓa na nuna mafita, tun kafin ka shiga.

Da gudu ya wuce na tafiyar keke, ba juya kai ake yi ba, turawa ake yi. Za ka dama, tura maƙamar dama gaba kaɗan, babur zai kwanta dama. Za ka hagu, tura ta hagu. Ka daɗe kana yin haka ba ka sani ba. Gwada shi da gangan a miƙe da gudun 30, tura kaɗan, ka ji yadda yake amsawa.

Tsarin kowace kwana huɗu ne: gama birki da sauke giya kana miƙe, kalli mafita, tura ka kwantar, sannan ka buɗe totur a hankali ba yankewa har ka fita. Shigo daga gefen waje, matso ciki, ka fita ta waje. Kuskuren da kusan kowane sabon shiga ke yi shi ne saurin faɗawa ciki. Tsoro ne ke kawo shi, ƙarshensa kuma hanya ta ƙare maka a mafita. Jinkirta kaɗan, ka taɓa cikin kwana bayan ka wuce tsakiyarta. Ajiye roba uku: inda za ka fara birki, inda za ka kwantar, da inda za ka taɓa ciki.

Zauna da ƙwallon ƙafa a kan mataki, kada yatsu su yi reto ƙasa. Karkata kafaɗa da kai zuwa cikin kwana kaɗan. Maganar gwiwa a ƙasa, irin ta Brad Binder ɗan Afirka ta Kudu da ya ci gasar MotoGP ta Brno, a ƙasar Czech, a 2020, ka ajiye ta gefe. Tayarsa daban, baburinsa daban, kuma a kan Boxer mataki ko jak ne zai fara karta ƙasa. Da ka ji kartar, ka kai iyaka. In ka ga kamar ka shigo da gudu fiye da kima, kada ka damƙi birki, kada ka miƙe zaune. Kalli mafita ka ƙara turawa, mafi yawan lokuta babur na da sauran kwanciya.

Idan zagayen ƙwai ya zauna maka, mayar da robobin su yi siffar 8 don hannu biyun su yi daidai, daga baya a ƙara kwana mai tsanani guda.

Mataki na 9: Rubutu da gyara

Agogo ba ya shiga sai ranar da layin da kake bi a kwana ya daina canzawa. A lokacin ma, abin nema shi ne zagaye biyar a jere da ba su bambanta da fiye da daƙiƙa ɗaya ba. Bayan kowane zango ka rubuta iskar taya a sanyi da a zafi, hawan shoka, da abin da ka ji a jikinka. Za ka gyara, taɓa abu ɗaya kawai, ka zagaya, ka kwatanta. Wanda ya canza iska da shoka da faranti a tashi ɗaya ba zai san wanne ya taimaka ba.

In filin gajere ne kuma babur na nauyin tashi daga kwana, rage haƙori ɗaya a farantin gaba. Hakan ya yi kusan daidai da ƙara uku a na baya: tashi zai ƙaru, ƙurewar gudu ta ragu, kuma dole a sake daidaita sarƙa.

Da ka fara kuskuren giya ko ka ji damtse ya yi tsami, sauka, gajiya ce. Kafin ka kama hanyar gida mayar da madubai, ɓare salatif daga fitila, ka jira taya ta huce ka mayar da iskar titi, sannan ku kwashe robobinku ku share wa mai fili wurinsa.